Gashina Yana Karyewa Duk Sanda Na Taje Shi

Assalamu alaikum. Gashina mai cika ne, kuma a murɗe yake sosai, idan na ja shi yana kai kafaɗa. Matsalata tajewa ce. Kullum da safe idan na sa mataji sai in riƙa jin ƙaras-ƙaras, ƙasa ta cika da guntayen gashi, kaina kuma ya yini yana zafi. Kwanakin baya na tsefe kitson da ya yi wata biyu a kaina, na wuce kai tsaye na wanke da shamfu, sai ƙeyata ta dunƙule ta koma kamar soso. Har yanzu akwai wurin da na kasa warwarewa. Shekara uku ke nan tsawon gashin bai ƙaru ba. Na fara tunanin in aske in huta. Don Allah ku ba ni shawara.

Wata mai karatu

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki ajiye maganar aski tukuna. Gashinki bai daina tsirowa ba. Gashin kai yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata, wato wajen santimita 12 a shekara. Idan shekara uku tsawon bai motsa ba, to gwargwadon abin da ke fitowa daga tushe shi ne yake kakkaryewa daga ƙarshe, kuma wannan ƙaras-ƙaras da kike ji kowace safiya ƙarar karyewar ce. Tajewa irin wadda ta dace ba ta ƙara, ba ta kuma barin kai da zafi.

Ki fara da duba abin da ke faɗowa. Ki ɗebi ɗan gashin da ya zuba ki shimfiɗa a kan farar takarda. Idan sili dogo ne, tsawonsa daidai da na gashinki, kuma akwai ɗan farin ɗigo a bakinsa ɗaya, wannan ya gama kwanansa ne ya fita daga tushe da kansa. Kowa yana zubar da irinsa, sili 50 zuwa 100 a rana, kuma wani yana tsirowa a gurbinsa. Idan kuwa guntaye ne, wasu kamar tsawon farce, wasu kamar rabin yatsa, babu farin ɗigo, to karyewa ce. Daga bayaninki, naki guntayen sun fi yawa, kuma su ne za mu yi maganinsu.

Akwai dalilin da ya sa murɗaɗɗen gashi ya fi saurin cukurkuɗewa da karyewa. Silinsa ba zagayayye ba ne kamar na miƙaƙƙen gashi, a ɗan shafe yake kamar kirtanin da aka danne, kuma yana juyawa a kan kansa. Duk inda ya lanƙwasa wuri ne mai rauni, nan yake tsinkewa idan aka ja. A bayan kowane sili akwai ɓawo mai hawa-hawa kamar ɓawon kifi. Idan ɓawon yana kwance, silin yana zamewa a jikin ɗan uwansa. Idan ya bushe ya ɗaga, sai su riƙa kama juna. Ga shi kuma man da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa cikin sauƙi ta waɗannan lanƙwashe-lanƙwashen, shi ya sa ƙarshen gashin kullum ya fi ko'ina bushewa, alhali shi ne mafi tsufa, wanda ya fi shan wahalar mataji da rana da gogayya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, gashin da ya fita daga tushe ba ya faɗuwa ƙasa a murɗaɗɗen kai. Yana maƙalewa a cikin sauran, ya nannaɗe su. Yawancin ƙullin da matajinki ke cin karo da shi irin wannan mataccen sili ne da ya ɗaure rayayyu biyar ko goma. Saboda haka abin da ake so a tajewa shi ne a zare mataccen silin a hankali ya fita, rayayyun su rabu. Idan kika tura mataji da ƙarfi, ƙullin ƙara tamkewa yake yi, daga nan sai rayayyun su tsinke.

Saboda haka abu na farko da za ki bari shi ne taje busasshen gashi. Wataƙila kin sha jin cewa jiƙaƙƙen gashi ya fi rauni, kada a taje shi. Akwai gaskiya a ciki, domin ruwa yana sa sili ya yi laushi ya riƙa miƙewa, kuma ga mai miƙaƙƙen gashi shawarar tana da amfani. Amma ga irin naki lissafin ya sha bamban. Ruwa yana sassauta murɗewar, kwandishana kuma, wato man laushin gashi da ake shafawa bayan shamfu, tana kwantar da ɓawon ta lulluɓe silin da santsi, sai ƙarfin da ake buƙata don mataji ya wuce ya ragu ƙwarai. Ruwa kaɗai bai isa ba, dole sai da abin da zai kawo santsi. Mai kaɗai a kan busasshen gashi shi ma bai isa ba, domin mai ba ya shayar da gashi, riƙe danshin da ya tarar kawai yake yi.

Kayan da za ki tanada ba su da yawa. Kwalbar feshi, kwandishana mai yauƙi, mataji mai manyan haƙora masu tazara, abin kama gashi guda shida zuwa takwas, da almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai gashi. Wajen zaɓen kwandishana, tsada ba ita ce ma'auni ba. Ki lakato kaɗan ki murza tsakanin yatsu biyu da ɗan ruwa: idan yatsun suna zamewa da yauƙi, ta yi. Idan ta shige nan da nan ta bar yatsun suna kama juna, ba za ta taimake ki a wannan aikin ba. Tunda za ki riƙa shafa ta da yawa, gara babbar kwalba wadda ba za ki ji ƙyashin amfani da ita ba.

Matajin ma ki duba shi da kyau. Ki bi tsakanin haƙoransa da yatsa. Yawancin matajan roba suna da wani siririn layi mai kaifi a gefen kowane haƙori, inda aka haɗa su wajen ƙira, kuma wannan layin yana kankare ɓawon gashi duk sanda ya wuce. Idan kin ji kaushi, ki goge shi da abin gyaran farce ko ki canza mataji. Ƙaramin mataji mai matsattsun haƙora na fitar da tsaga ne kawai, kada ya shiga cikin gashinki. Ki cire zobe, ki kuma gyara farcen da ya tsage, don sili yana shiga tsagar ya yanke.

Ranar da za ki yi, ki zaɓi lokacin da ba kya sauri. Gashi mai cika da ya kai kafaɗa yana cin minti 40 zuwa awa ɗaya a farkon koyo. Wadda ta tsaya tajewa saura minti goma ta fita, fizga za ta yi ko ba ta so.

Ki zuba ruwa mai ɗumi kashi uku da kwandishana kashi ɗaya a kwalbar feshi ki girgiza. Ki haɗa daidai wanda za ki ƙarar a ranar, don haɗin da aka sirka da ruwa yana lalacewa idan ya kwana biyu a ajiye. Da yatsu, ba da mataji ba, ki raba kan gida shida ko takwas, ki kama kowane gida. Ba sai tsagar ta miƙe ba. Wannan rabawar ita ce rabin aikin, domin gashin da kika warware ba zai koma ya haɗu da wanda ba ki taɓa ba.

Ki saki gida ɗaya, ki fara da ƙeya tun hannunki bai gaji ba, tunda nan ne ya fi cukurkuɗewa. Ki fesa har ya jiƙe sosai amma ba ya ɗiga. Ki shafa kwandishana kamar cikin babban cokali ɗaya, ki matsa ta cikin gashin da tafin hannu biyu daga tsakiya zuwa ƙarshe, ki fi cika ta a ƙarshen. Sannan ki bar shi minti biyar. Wannan jiran yana da muhimmanci, a cikinsa ne ruwa ke ratsa silin ya yi laushi. Kina iya shafa wa gida na biyu kafin na farkon ya jiƙu.

Yatsu ne ke fara shiga. Ki ɗebi yanki kamar faɗin yatsu biyu, ki riƙe shi a tsakiya da hannu ɗaya, riƙo mai kyau, yadda duk jan da za ki yi zai tsaya a hannunki bai kai fatar kai ba. Wannan riƙon shi ne maganin zafin kan da kika ambata. Da ɗaya hannun ki riƙa buɗe ƙarshen gashin gefe da gefe, kamar mai buɗe labule, ba ki tsefe shi ƙasa da ƙarfi ba. Za ki ji matattun silin suna zamewa suna fitowa a yatsunki. Ki ajiye su gefe ki ci gaba. Yatsa yana jin ƙulli ya tsaya, mataji kuwa ba ya ji, shi ya sa muke son yatsu su yi kashi mafi yawa na aikin.

Idan kin ci karo da ƙulli, kada ki ja shi ƙasa. Ki ƙara ɗigon kwandishana a kansa, ki murza shi a hankali tsakanin babban yatsa da manuni har ya ɗan saki. Sannan ki riƙe ƙullin, ki riƙa zaro sili ɗaya ko biyu daga cikinsa ta sama, wato ta ɓangaren tushe. Kowane sili da ya fita, ƙullin yana ƙanƙancewa, har ya rage ɗan dunƙulen mataccen gashi wanda zai zame ya fita ta ƙarshe. Idan ya rage ɗan ƙaramin ƙulli mai tauri kamar ƙwayar yashi wanda ya ƙi saki, ki sa almakashi ki yanke daidai samansa. Yankan almakashi yana barin baki mai tsafta. Tsinkewa da hannu kuwa tana barin baki a tsage, kuma tsagaggen baki shi ne ƙullin gobe.

Sai yatsunki sun wuce daga tushe zuwa ƙarshe ba tare da tsayawa ba, sannan mataji zai shiga. Ki fara daga santimita 2 ko 3 na ƙarshe. Idan nan ya wuce sumul, ki hau sama kaɗan ki sake gangarowa, haka har ki kai tushe. Dalilin farawa daga ƙasa a fili yake: idan kika fara daga tushe, duk ƙananan ƙullin da ke hanya za ki tattaro su ki tara a wuri ɗaya su zama babba. Duk inda matajin ya tsaya, ki cire shi ki koma ga yatsu. Duk sanda kika ji ƙara, ko kika ji gashin ya fara kama hannu, danshi ya ƙare, ki ƙara feshi. Wucewa biyu ko uku a kowane yanki ta isa. Ba a neman ƙaramin mataji ya riƙa ratsa murɗaɗɗen gashi kamar siliki, neman hakan shi ke cinye shi. Idan kina son buroshin warware gashi mai laushin haƙora, a wannan matakin ne zai shiga, bayan yatsu, a ƙaramin yanki.

Da kin gama gida, ki murɗa shi gida biyu ko ki yi masa sassauƙar kalaba kafin ki wuce na gaba. Idan kika bar shi a sake, yana tsanewa zai tsuke ya koma yadda yake.

Wanki ma a cikin waɗannan kalabar za ki yi shi. Ki sa shamfu a fatar kai, ki cuɗa da tsokar yatsu ba da farce ba, ki bar kumfar ta gangara ta wanke tsawon gashin. Kada ki tattara gashin a tsakar kai ki yi ta cuɗawa kamar mai wankin tsumma, wannan kaɗai yana iya rushe aikin awa guda. Bayan ɗauraya ki sake sa kwandishana, ki saki kalaba ɗaya bayan ɗaya ki bi da yatsu, ki mayar, ki ɗauraye. Wajen tsanewa ki matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi ta auduga, kada ki goge da tawul mai kaushi. Tun da sauran danshi ki shafa kwandishanar da ba a wankewa, ki bi da ɗan mai a ƙarshen gashin don ya riƙe danshin. Idan gashin ya bushe ƙwarai, shafa man kwakwa minti 30 kafin wanki yana taimakawa, domin yana cikin man da ke ratsa sili, ba ya tsayawa a bayansa kawai.

Yanzu ga abin da ya faru da ƙeyarki. Kitso na wata biyu kwana 60 ke nan. Idan kina zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, to tsakanin sili 3,000 da 6,000 ne suka fita daga tushe suka rasa hanyar faɗuwa, suna nan kwance cikin kitson, haɗe da dauɗar mai da ƙura da ta taru a gindin kowane layi. Da kika zuba ruwa da shamfu, gashin ya tsuke, shamfu ya wanke ɗan santsin da ya rage, cuɗawa kuma ta saƙa matattun cikin rayayyun. Haka soso ke samuwa. Nan gaba, duk layin da kika tsefe, kafin ki wuce na gaba ki shafa ɗan mai ko feshin nan a gindinsa, ki murje dauɗar da yatsu ta warware, ki zare mataccen gashin har ƙarshe. Sai kan gaba ɗaya ya warware sannan shamfu zai taɓa shi. Kada tarin gashin da za ki gani ranar ya tsorata ki, na wata biyu ne ya fito lokaci guda. Muna kuma ba ki shawara kada kitso ya wuce mako shida a kanki, takwas shi ne iyaka.

Wurin da ya riga ya dunƙule, yawanci ana iya ceto shi, ko da ba duka ba. Ki ware shi daga sauran gashin. Ki jiƙa shi da ruwan ɗumi, ki cika shi da kwandishana har ya yi fari, ki matsa ta ta shiga ciki, ki ƙara ɗan man zaitun ko na kwakwa, ki rufe da hular leda minti 30 zuwa awa ɗaya. Sannan ki zauna gaban madubi, ko ma ki samu wadda za ta taimaka miki tunda ƙeya ce ba kya gani. A fara ja dunƙulen gefe da gefe a hankali don ya ɗan buɗe. A sa tsinken jelar mataji a can ƙarshen dunƙulen, a riƙa tsinto sili kaɗan-kaɗan, ana riƙe da gindin don kada fatar ta ja. Ba a soka tsinken a tsakiya a fizgo. Aikin na iya cin awa biyu ko fiye, kuma ba laifi a raba shi kwana biyu: idan an gaji, a ƙara kwandishana a rufe a koma daga baya. Gashi mai yawa zai fito, mafi yawansa wanda ya riga ya mutu ne. Idan an kai wata cibiya mai tauri da ta ƙi, kada a yanke ta a kwance. A sa bakin almakashi a tsaga ta a tsaye, bin tsawon gashin, tsaga ɗaya ko biyu, sai a ci gaba da warwarewa. Hakan yana ceton tsawo mai yawa.

Game da tajewar kowace safiya, ki daina ta gaba ɗaya. Cikakkiyar warwarewa sau ɗaya a mako, ko duk ranar wanki, ta ishi irin gashinki. Sauran ranaku ki ɗan fesa ruwa ki gyara da yatsu. Abin da zai sa hakan ya yiwu shi ne yadda kike kwana. Gashin da aka bari a sake a kan matashin auduga yana gogayya dare guda, audugar kuma tana shanye danshinsa. Ki yi manyan kalaba huɗu zuwa shida marasa tsauri, ki sa hular satin ko siliki, ko ki sa wa matashin riga ta satin. Ki lura da ƙeya musamman, don wuyan riga da ɗankwali mai kaushi suna cin ta da rana. Abin ɗaure gashi mai ƙarfe a jiki, da robar da ba a lulluɓe ta da zare ba, ki rabu da su.

Akwai abu ɗaya da almakashi kaɗai ke maganinsa. Bayan shekara uku ana taje shi a bushe, ƙarshen gashinki tabbas ya tsattsage, kuma za ki ga wasu silin da suka ƙulla kansu da kansu, ƙulli ɗaya a sili ɗaya. Babu man da ke ɗinke tsagaggen sili, sai dai ya manne shi zuwa wanki na gaba. Idan kin warware gida kika ji yatsunki suna wucewa lafiya sai a ƙarshe su maƙale, kuma ƙarshen ya yi siriri ana hangen haske ta cikinsa, ki rage santimita 1 zuwa 2, ko ki je wurin mai gyaran gashin da ta saba da murɗaɗɗen gashi. Daga nan ɗan datsewa duk wata uku ko huɗu ya wadatar. Za ki ji bambancin a tajewa ta gaba.

Ki ba wannan tsarin mako shida zuwa takwas, kina duba farar takardar nan duk ranar wanki. Guntayen ya kamata su riƙa raguwa, dogayen masu farin ɗigo su zama su ne mafi yawa. Idan kuwa kika ga dogayen ne suke zuba fiye da ƙima, ko gashin gaban goshi da gefen kunne yana ja da baya, ko tsakar kai tana yin fili, ko akwai wuri zagayayye da ya zama sanƙo, ko ƙuraje da ƙaiƙayi da ciwo a fatar kai, wannan ya wuce matsalar mataji. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, matsalar maƙoƙo, haihuwa ko zazzaɓi mai tsanani a watannin baya, kitso mai tsauri da cututtukan fatar kai duk suna zubar da gashi. Ki ga likitan fata da wuri, domin wasu daga cikinsu idan suka daɗe suna barin tabon da gashi ba ya sake tsirowa a kansa.